Kada a Taɓa

Babayo ya ce in zo in ga aikinsa.
Na ce wane aiki, yaron da tun da ya gama makaranta
ba ya komai sai yawo a kwarin Herwagana
da buhu a kafaɗa, kamar ɗan jari-bola?
Ya yi dariya, ya tsayar mana da keke.

Ɗakin fari fat, da sanyi irin na asibiti.
Mutane na takawa a hankali, hannuwa a baya,
sai ka ce masu zuwa ta'aziyya.

A bangon farko, kwanuka.
Langa, samira, kumbo, tasa mai lotsattsen baki,
amma ba irin jeren da muka sani ba.
Sun karkata, suna gangarowa
yadda ruwa ya gangaro da su
a daminar da ta cinye layinmu.
Na gane mai jan fure.
Ta Adda Petel ce. A cikinta ta kawo mini kunun kanwa
ranar da na haifi uban yaron nan.

Na ce, "Babayo, tsatsar fa? Ko wankewa ba ka yi ba."
Ya ce, "Dada, ai tsatsar ce aikin."
Na ja bakina.

A tsakiyar ɗaki, ƙyauren zaurenmu
rataye da igiya, ba bango, ba gida,
kana iya zagaya shi ka dawo inda ka fito.
Wani mai tabarau yana yi wa ɗalibai bayani:
wai alama ce ta ƙaura, ta gadon da ke salwanta.
Ni dai na san ƙyaure ne.
Kuka yake idan an tura shi,
sai an ɗan ɗaga shi da gwiwa.
Ga tsagar da Malam ke yi da wuƙa duk ƙaramar sallah
yana auna tsawon yara.
Layi bakwai suka kama hanya, shida suka hau.
Ɗaya ya tsaya daidai cinyata.
Duk ɗakin nan ba wanda ya san sunanta sai ni.

Can a lungu, ƙwaryar tatsar uwata,
wadda ta fashe gida uku.
Ya ɗinke ta da jar waya ta mataccen fanka,
ɗinkin ba kyau, ya bar ƙofofi,
haske na zuba ta ciki kamar nono.
Daga ƙarƙashinta wata tsohuwa na magana:
gidan Jauro Manu, gidan mai ƙuli,
rijiya, durumi, gidan Tela Bappa,
gidan 'yan Billiri masu ba mu masara...
Sai da ta yi tari na gane muryata ce.
Ashe daren da ya zauna yana ja na da hira
wayarsa na kwance tana sha.

Wata yarinya ta tsaya tana saurare har sau biyu.
Ta ce wa ƙawarta, "Kakata ma daga nan suka taso."
Ba ta san ni ce a bayanta ba.

Akwai takarda a jikin ƙyauren.
Na ce ta karanta mini. Ta ce, "Kada a taɓa."
To.
Shekara talatin da huɗu ina tura shi da kaya a ka.
Na miƙa hannu, na ɗora yatsa kan gajeren layin.
Mai gadi ya taso, Babayo ya riƙe masa hannun riga.

A hanyar gida ya ce, "Dada, makullin fa?
An ce yana wurinki."
Yana nan ƙulle a bakin zanena
tun daren da muka fito da tabarma ɗaya.
Na ce masa ba yanzu ba.
Ya rataye abin da ruwa ya ba shi.
Wannan ban gama da shi ba.